Baiko Domin Samarin Da Ke Kurkuku

Karatu: Matta 25:31-46, Ibraniyawa 13:3.

'Yan'uwa, in aka kama saurayi a kasuwar Mashi aka kai shi kurkukun Daura ko na Katsina, wa ke bin sawunsa? Ɗan gari yana da dangi masu tsaya masa. Amma Bafillacen daji, da Bamaguje, da baƙon da bai ji Hausa sosai ba, sau da yawa sukan daɗe a tsare domin rashin mai beli ko kuɗin tara.

A 1976 gwamnati ta kafa hukumar ba matalauta lauya kyauta. A 2023 kuma aka tara gudummawar naira miliyan 585, aka saki fursunoni 4,068 waɗanda tara ko diyya ta riƙe. Ashe kuwa kuɗi kaɗan yakan buɗe ƙofa.

Saboda haka bari kowace ekklesiya ta keɓe baiko guda a wata. Dattawa biyu su riƙe lissafi, su ziyarci yaron, su nemo masa lauya, su biya tara a karɓi rasit. Kada mu tambayi kabilarsa ko addininsa, gama Ubangijinmu ya lissafta ziyarar ɗaurarru kamar shi aka ziyarta.

Tambaya: in an sake shi, wa zai koya masa sana'a?