Yadda Ake Sa Tsohon Gida Ya Shiga Jerin Wuraren Tarihi

Duk lokacin da maganar wani tsohon soro ta taso a ƙasar Rogo ko Karaye, sai ka ji wani ya ce, "Ai ku rubuta wa gwamnati, za ta zo ta karɓa ta gyara." Wannan shawara ta ci gidaje da yawa. A rubuta wasiƙa guda, a naɗe hannu ana jira, damina biyu ta wuce, zaure ya zauna. Na sha bin wannan hanya a kan gidajen tsofaffin malamai da fatake na yankinmu na Ruwan Bago, kuma ga tsarin da na ga yana kai mutum gaci. Wasiƙa tana ciki, amma can baya take.

Fara da tare ruwa. Kafin ka yi wa kowa magana, hau kan soron da rani ka duba indararo. Ka cire ciyawa da kashin tsuntsaye, ka toshe duk tsagar da ta buɗe, ka janye kwata daga gindin katanga. In akwai gara a azara, a shafa mata Solignum. Ni shi nake amfani da shi, ban yarda da baƙin mai ba, domin yana ɓata fuskar itacen kuma warinsa ba ya barin ɗaki.

A nan ne zan ja kunnenka da babbar murya: kada siminti ya taɓa ginin ƙasa. Na san abin da ake cewa, wai filasta tana sa gida ya daɗe. Ginin tubali numfashi yake yi, yana shan laima da damina ya fitar da ita da rani. In ka rufe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta tsaga ɗaya ba shi da hanyar fita, sai ya zauna yana cin ƙasar ta ciki. A wani gida da muka yi wa aiki, wani ɗan gidan mai kyakkyawar niyya ya aiko da buhunan siminti daga birni aka shafe fuskar zaure. Shekara uku tana sheƙi. A ta huɗu na ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, na ji yana amsawa kamar ganga. Da muka ɓamɓare, sai ƙasa ta zubo kamar garin tuwo, zanen da ke saman ƙofa kuwa ya biyo simintin ya faɗo. Ba mu iya mayar da shi ba. Nemi tsohon magini wanda ya san kwaɓin birji da ciyawa, ya san jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa, ka biya shi abin da ya nema. Haka kuma kada a yi gaggawar ɗora kwano a kan ɗaurin guga ko a sare zankwaye. Ranar da jami'ai za su zo dubawa, waɗannan abubuwan ne za su tsaya a gabansu.

Sai magada. Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma a nan yawancin yunƙuri ke mutuwa.

Tsohon gida kusan kullum gidan gado ne da ba a raba ba. Mai shi ya rasu shekara sittin ko tamanin da suka wuce, 'ya'yansa ma sun bi shi, yanzu jikoki da tattaɓa-kunne ne, wasu a Zarewa, wasu a Kano, wasu a Legas. Wanda ke zaune a ciki ba shi ne mai gidan shi kaɗai ba, ko da kowa na kiransa maigida. Ɗauki littafi mai kauri, ka zauna da dattijo mafi tsufa da kuma tsohuwa mafi tsufa, kowa daban, su lissafa maka zuriyar tun daga wanda ya gina. Tsohuwar za ta tuna waɗanda dattijon ya manta, musamman 'ya'ya mata da aka kai aure wasu garuruwa. Su ma magada ne, 'ya'yansu sun gaji rabonsu. Mun taɓa tsallake reshen wata goggo da aka aurar tun kafin a haife ni. Mun tara sa hannu, mun kai takarda har gaban hakimi, sai ga ɗanta ya iso ranar kasuwa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, ashe mu ba 'yan gida ba ne?" Gyaran wannan kalma ya ɗauke mu fiye da shekara.

Ka faɗa wa magada gaskiya tun a zaman farko. Abu biyu ne ke ransu: tsoron gwamnati za ta ƙwace gidan, da zaton za a zo da buhun kuɗi. Ka kawar da duka biyun. Amincewar hukuma ba ta nufin an sayi gidan, kuma kada kowa ya sa rai da kuɗin gyara duk shekara. Abin da za su rasa shi ne 'yancin rushewa su yi shaguna. Wanda ya amince bayan ya ji wannan, amincewarsa za ta ɗore.

In hankula sun haɗu, hanyar da na fi so ita ce waƙafi, amma na sashe kawai: zaure da shigifa da soron da ke da tarihi, cikin gida kuma a bar wa iyali su ci gaba da zamansu. A yi shi a gaban alƙali, a rubuta, da shaidu. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, ana iya neman shawararta. A kula da wuri guda: rabon maraya ba ya kyautuwa, waliyyi ba shi da ikon bayar da shi. In akwai maraya ko wani mabuƙaci da ya ce kuɗinsa yake so, kada a zarge shi. 'Yan'uwa masu hali su haɗa su saye rabonsa a farashin da dattawa suka yanke. Sannan a zaɓi mutum biyu ko uku su zama wakilan gida, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Yanzu tarihin gidan. Tsufa kaɗai ba ya isa hujja. Za a tambaye ka me ya faru a cikinsa. Makarantar allo ce da ta yaye malamai? Masaukin fataken goro ne? Gidan sarautar gari ne, ko kuwa aikin maginin ne abin kallo? Zaɓi dalili ɗaya mai ƙarfi ka tsaya a kansa. Kuma don Allah a daina cewa gida ya shekara dubu. Masanin da zai karanta takardarka ya san Gidan Makama na Kano ma da zamanin Muhammadu Rumfa ake danganta shi, a ƙarni na 15, to da ya ga "dubu" zai fara shakkar sauran maganarka.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara, zamani suke riƙewa. Tambaye su, "Baba, sa'ad da aka yi soron nan, wa ke sarautar Kano?" In aka ce zamanin Alu ne, ka san kafin zuwan Turawa ne a 1903. In Abbas ne, tsakanin 1903 da 1919. In Abdullahi Bayero ne, tsakanin 1926 da 1953. Haka za ka auna da Yaƙin Basasar Kano da ya tashi a 1893, ko isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Ɗauki muryarsu a waya da izininsu, ka rubuta rana da wuri. Kada wani ya raina maka maganar baka. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, labarin wata tsohuwa ce da ta tashi a wajajen Zarewa, daga bakinta aka rubuta shi, ga shi har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. In kana da hali, je Kaduna, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da kuma Gidan Arewa, ka nemi rahotannin gundumomi na zamanin Turawa. Wani lokaci sunan gari da na masu sarautarsa na ciki. Tsofaffin wasiƙun ajami da rasidin haraji da ke cikin adaka, a ɗauki hotonsu, asalin ya zauna a gida. Kada ka ba kowa aro, ko waye shi.

Hoto da awo ba su da wuya. Ɗauki kowace fuska ta gidan da hantsi, ka shiga ciki ka ɗauki rufin daga ƙasa, ka auna tsawo da faɗi da tef, ka zana taswira da hannu. Google Maps zai ba ka lambobin wurin. A wanke hotunan a takarda, domin wanda aka tura ta WhatsApp ingancinsa raguwa yake yi. In gidan ba shi da takardar mallaka, ƙaramar hukuma ce ke bayar da ita ga filayen karkara a ƙarƙashin dokar ƙasa ta 1978. Ɗan safiyo zai caje ka, a yi ciniki da shi.

Daga nan a bi sarauta daki-daki: mai unguwa, dagaci, hakimi, sannan fadar Karaye, wadda tun 2024 ƙananan hukumomin Karaye da Rogo ne ke ƙarƙashinta. Kada ka tsallake ko ɗaya. Ka tafi da dattijon gida, shi zai yi magana. Abin da kake nema shi ne wasiƙar goyon baya mai hatimi. Da ita za ka shiga sakatariyar Rogo ka roƙi majalisar ƙaramar hukuma ta rubuta amincewarta.

Sai a nufi Kano, inda ƙofa biyu ce. Ta farko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, a Gidan Ɗan Hausa, wanda shi kansa tsohon gidan ƙasa ne da Hanns Vischer ya zauna a ciki, Baturen da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909. Ga gida irin namu, nan ya kamata a fara. Ka roƙi abu biyu a fili: su turo jami'i ya gani da idonsa, kuma su shigar da gidan cikin bayanansu su ba ka shaida a rubuce.

Ta biyu ita ce hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi, NCMM, da aka kafa da dokar 1979, ofishinta na Kano yana Gidan Makama. Hanyarta doguwa ce. Ita za ta buga sanarwa a Gazet, ta ba mai gida kwafi da wa'adin ƙorafi, sannan Shugaban Ƙasa ne ke ayyana wuri ya zama abin tarihi na ƙasa. Bayan haka ba a taɓa ginin sai da izininta. Shekaru da yawa jerin wuraren tarihi na ƙasa yana tsaye a kan wurare 65 a duk Nijeriya. Amma ba na manyan birane kaɗai ba ne: tsohon masallacin Bebeji yana ciki, haka Gidan Madaki na Kafin Madaki a Bauchi, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya shiga jerin tun 1956. Ka kai musu kwafin fayil ɗinka ko da ba ka sa rai ba, domin suna da masana gini da za su iya ba ka shawarar gyara.

Kowace takarda ka yi ta kwafi uku. Wadda ka miƙa, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka, ka rubuta lambar fayil a littafinka. Ka riƙa leƙawa duk wata da ƙafarka, cikin ladabi. Kuɗin mota daga Rogo da na kwafi da goron gaisuwa, ban taɓa lissafa su ba, amma a tanadi asusu tun da wuri. Ranar da jami'ai za su zo, a share gida kawai, kada a yi fenti, kada a ɓoye tsaga.

Shaida ta fito ko ba ta fito ba tukuna, a kafa ɗan allo a gefen ƙofa, a kan sandarsa, kada a buga ƙusa a bango: sunan gidan, wanda ya gina, zamaninsa, da boko da ajami. A ajiye littafin baƙi a zaure, a gayyaci malaman firamare su kawo yara. Wakilan gida su yanke wata guda a rani, kafin ruwan fari, wanda za a riƙa kiran magini ya hau soro ya sabunta yaɓe, kuma a rubuta sunan wanda kuɗin bana ke wuyansa.