Amarya da haƙoran da ba sa jure ruwa

Saura kwana tara a ɗaura mata aure aka kawo min ita asibiti, gwaggonta na riƙe da jaka, ita kuma ta toshe baki da gefen mayafi. Iska ma ba ta so ta taɓa mata haƙora. Na ce, "Buɗe in gani, 'yata." Dasashin sama ya yi fari fat kamar an ɗiga masa tafasasshen ruwa, bakin haƙoran gaba ya siranta har haske na ratsa shi. Ciko guda da aka yi mata tun tana sakandare yana nan da launinsa na da, a tsakiyar murmushi, ya fita daban.

Gwaggon ce ta ba ni labarin. Mai gyaran jiki aka kai ta, kuɗin dilka da halawa ya haɗa da "farin haƙori". An shafa mata wani jel daga sirinjin da ba shi da ko rubutu, aka kunna mata shuɗiyar fitila a baki har sau uku. Sannan aka ce ta je gida ta riƙa goga lemun tsami da bekin soda safe da dare. Mako uku tana yi. Da zafi ya fara, aka ce mata alamar magani na aiki ke nan. Wannan maganar ce ta fi ƙona min rai. Wanda bai taɓa duba bakin mutum da madubi ba, wa ya ba shi izinin fassara ciwo?

Ta tambaye ni a hankali, "Likita, zai dawo?" Na ce dasashi zai warke kafin biki, in Allah ya yarda. Inamel ɗin, wato ɓawon haƙori, da ya tafi kuwa ya tafi. Gwaggo ta yi salati. Abin takaicin, dattin shayi ne kawai a haƙoranta tun farko; wankin haƙori na rabin awa da ya wadatar.

Ba na cewa duk maganin farin haƙori na gida banza ne. Kabamaid feroksaid kashi 10, a tiren da aka auna da bakinki, mako biyu, yana aiki. Amma ba ya dawwama. Wani ya kai shekara biyu ko uku, wani wata shida launi ya fara komawa, musamman mai goro, shayi da sigari. Farin da ake ɗauka a hoto ranar farko, wani ɓangarensa bushewa ce. A Tarayyar Turai abin da ya wuce kashi 0.1 na haidirojin feroksaid ba a sayar wa mutum kai tsaye, har kashi 6 sai ta hannun likita, kuma ban da 'yan ƙasa da shekara 18. Mu nan ana tallarsa a TikTok tare da turaren wuta.

Ku daina sa lemun tsami. Inamel na fara narkewa ƙasa da pH 5.5, lemun tsami yana wajen 2. Gawayi kankara yake, ba ya faranta komai daga ciki. Ciko da hular haƙori ba sa canza launi. Tabon fuloraid irin wanda ake gani a Kaltungo ko Tibirin Maraɗi, da na tetirasaikilin, aikinsu daban ne, kada a yaudare ku da man goge baki mai launin shunayya. Mai rami a haƙori ko jinin dasashi kada ya kusanci jel. Jel mara suna kuwa, ko kyauta ne, a bar shi. Lemun tsami dai, don Allah, a bar shi a kunu.

Na shafa mata fuloraid, na rubuta mata man rage zafi, na ce ta dawo bayan biki mu sauya cikon. Da za su fita, gwaggo ta juyo ta ce ƙanwar amaryar ma tana gida tana shafa ragowar jel ɗin. Shekarunta 15.