Wasiƙa zuwa ga ɗan ƙanena, sabon shugaban matasa

Ɗana,

Na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda irinka suna da yawa, daga Birnin Kebbi har Argungu, kuma ciwonku ɗaya ne.

Tun da aka zaɓe ka shugaban ƙungiyar matasa manoman shinkafa, bakinka ya cika da karatun taron bita. Wai masana sun rabu: wasu sun ce shugaba haifarsa ake yi, wasu sun ce koyo ake yi, wasu kuma sun ce hali da zamani ne ke fito da shi. Madalla, ilimi ba ya yawa. To amma da taki ya iso, buhu nawa ya kai hannun waɗanda ke wuni a fadama cikin laka har gwiwa? Mahaifiyarka ta ce sunayen abokan shan shayinka ne a saman takarda. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Ni a nawa ganin, ranar rabo ake sanin shugaba, kuma tarihin ƙasarka ya ishe ka shaida. Kanta na Kabi ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, da aka dawo aka hana shi kasonsa na ganima. Wajen 1516 ya janye biyayya, Askiya ya turo runduna, ta kasa karya shi. Sarki mai Gao da Tumbutu ya rasa Kabi a kan rabo! Kufan Surame, birnin Kanta, na nan, ka je ka ga ganuwar da wannan fushi ya gina.

Ka duba ɗaya ɓangaren kuma. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805. Ba a daɗe ba ya ga wasu daga cikin jama'ar jihadi sun karkata ga dawaki da tufafi da neman sarauta, ya bar su ya nufi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda mai mulki zai riƙe shari'a da dukiyar jama'a. Shi ya guji mulki ne don tsoron Allah, ku kuma kuna buga hotonku a allon talla tun ba ku raba ko tiya ɗaya da adalci ba.

Da muna yara akwai wani sarkin noma a garinmu, Allah Ya jiƙansa. Ko sunansa bai iya rubutawa ba. In an kawo iri, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci bayan La'asar, ya ɗauko kwanon awo guda mai lanƙwasasshen baki. Da shi zai auna wa gwauruwa, da shi zai auna wa ɗan hakimi, ya shafe saman da tafin hannu iri ɗaya. Nasa sai ƙarshe, sau da yawa ƙura da tsakuwa ne. Wannan mutum in ya kira gayya, kafin hantsi gona ta cika, ba lasifika, ba kuɗin mai. Ku yanzu sai kun yi hayar babura kafin ku tara mutum ashirin, kuma kana mamakin me ya sa ba a jin maganarka. Har na ji wai ba ka amsa wayar dattawa sai ta bakin wani yaro mai riƙe maka jaka. Kai ɗin! Ni na goya ka a wuya ka kalli kamun kifi a Matan Fada.

Na so in kawo maka batun shawara da haƙuri, amma takarda ta ƙare. Kafin a kawo taki na gaba, ka rubuta sunayen duk masu gona, ka karanta su a gaban kowa bayan sallar Juma'a, ka sa naka a ƙasa. Buhunan da suka tafi inda bai kamata ba, ka san gidajen, ka bi su.

Ka gaida mahaifiyarka da iyali.

Baffanka