Rana da Ƙarfin Ƙashi: Bayani a kan Bitamin D ga Matan Madawa, Buza da Keita

Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta rigakafi a jihar Tawa ta san bitamin A, ɗan ƙwanson nan ja ko shuɗi da ake yanke wa baki a matse wa yaro a harshe. Amma in aka ce bitamin D, sai a yi tsit. Alhali shi ne ke sa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam daga abinci, wanda da shi ake gina ƙashi da haƙori.

Abin mamaki, yawancinsa ba daga tukunya yake fitowa ba. Fata ce ke haɗa shi in hasken rana ya taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su ƙarasa aikin. Kaɗan ake samu a gwaiduwar ƙwai, da hanta, da kifi mai maiƙo irin sardin na gwangwani.

To, wa zai yi kukan rashin rana a Adar? Matan da suka yi ta dakon duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984, da masu dashen albasa a fadamun Madawa, rana ta gama da su. Sai dai yawan rana a sama bai isa hujja ba. Ƙasar Girka ma rana gare ta, amma likitocinta sun sha samun ƙarancin bitamin D a jinin mata, musamman a ƙarshen hunturu, saboda wuni a ofis da cikin gida. A nan kuwa abin dubawa su ne matan kulle, da amarya, da mai jego da ke kwana arba'in a ɗaki, da tsohuwar da ƙafa ta ɗauke wa. Baƙar fata ta fi farar fata buƙatar jimawa a rana, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki.

Alamun ƙarancin bitamin D a jikin babba su ne ciwon ƙugu da baya, da nauyin cinyoyi wajen tashi daga tabarma. Yaro kuwa sai ya yi jinkirin tafiya, wuyan hannunsa ya yi kauri, ƙafa ta zama gwame ko ta baka. Sau da yawa iska ake ɗora wa laifi.

Ba kullum rana ce ta gaza ba. A Jos, binciken da aka buga a 1999 ya nuna yara masu lanƙwasar ƙafa sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Saboda haka kada a rage nono a fura, kada a rena miyar kuka da zogale.

Mai kulle ba sai ta fita waje ba. Tsakar gida ta wadatar: ta yi tankaɗe ko wanki a fili da hantsi, hannuwa da ƙwauri a buɗe. Nonon uwa bai da bitamin D da yawa, don haka in ungozoma ta rubuta wa jariri na ɗigawa, a bi adadin da ta faɗa, domin wuce kima yana cutar da ƙoda.