Amsoshin Tambayoyinku: Magungunan suga biyu a ciki ɗaya, ba za su yi faɗa ba?

Wata mai karatu ta ce mahaifinta ya daɗe yana shan metformin, yanzu likita ya ƙara masa glibenclamide. Tana tsoron kada magungunan su yi karo.

Madalla da tambayarki, 'yata. Kwantar da hankalinki, don kowanne da ƙofar da yake gadi. Metformin yana hana hanta zuba suga da yawa cikin jini, yana kuma sa jiki ya ƙara jin maganar insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Shi kuwa glibenclamide matsa wa jiki yake ya fitar da ƙarin insulin ɗin. Da gangan likitoci ke haɗa su, ba alamar ciwon Baba ya gagara ba ce.

Inda za ki sa ido shi ne faɗuwar suga. Metformin shi kaɗai da wuya ya jawo ta. Amma glibenclamide ba ruwansa da ko Baba ya karya kumallo. Ya sha, ya sha, aiki zai yi. In aka haɗa da allurar insulin, haɗarin ya ƙaru. Gumi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa mai tsanani ko sambatu, duk alamu ne. In na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70, a ba shi suga cokali ɗaya babba a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai, sai asibiti. Kafin azumi ma a koma wa likita ya gyara lokutan sha.

Ni abin da ya fi damuna ma baƙin da ke shigowa daga kemis ne. Septrin yana ƙara wa glibenclamide ƙarfi. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro yana saukar da suga. Dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake cusawa cikin haɗe-haɗen ciwon jiki, su kuma hauhawar da shi suke. Propranolol na hawan jini yana ɓoye bugun zuciya da rawar jiki, sai gumi kawai ya rage ya tona asiri.

Ranar ganin likita, ki tattara duk abin da Baba ke sha a leda ɗaya, har jiƙe-jiƙen da ya ɓoye a ɗaki, ki ajiye a gaban likitan.