Tiristan: garin da ya fi kowane gari nisa da maƙwabta

Darasinmu na yau a kan wani tsibiri ne. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Mutanen bakin kogi suna ce masa gungu. Wannan tsibiri yana tsakiyar tekun Atalantika, can kudu, tsakanin Afirka da Amurka ta Kudu. Sunansa Tiristan da Kunya. Kada ku ɗauka kunyar da muka sani ce. Sunan wani matuƙin jirgin ruwa ne na ƙasar Fotugal.

Gari ɗaya ne tak a tsibirin. Mutanensa ba su kai 250 ba. A duk duniya babu garin da ya fi shi nisa da maƙwabta. Garin da ya fi kusa da su yana tsibirin Sant Helena, tafiyar kilomita 2,400. Duk da haka sun yi shekara fiye da 200 suna zaune a wurin. Za mu ga yadda ake zuwa can, da yadda aka kafa garin, da abin da ya riƙe shi har yau.

Yaya ake zuwa?

Babu filin jirgin sama a Tiristan. Hanya ɗaya ce: jirgin ruwa. Ana tashi daga birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Nisan ya kusa kilomita 2,800. Wannan ya yi kamar tafiya daga Yamai zuwa Damagaram sau 3. Jirgi yakan yi kwana 6 ko 7 a kan ruwa. Matafiyi ba ya ganin gari, ba ya ganin itace, sai ruwa da sama da tsuntsayen teku.

Jirgi ba ya tashi kullum. A shekara bai fi sau 10 ba. Yawancinsu jiragen kamun kifi ne da na kaya, masu ɗaukar fasinja 12 kawai. Kuma ƴan gari ne ke da fifiko, musamman marasa lafiya masu zuwa asibiti. Baƙo sai ya rubuta takarda ya nemi iznin majalisar tsibirin tun da wuri. In ba a yarda ba, ba zai sauka ba.

Isowa ma ba ita ce sauka ba. Tashar tsibirin ƙarama ce, babban jirgi ba ya shiga. Sai ya tsaya daga nesa, a zo da ƙananan jirage a ɗebi mutane da kaya. In iska ta yi ƙarfi, sai a jira. Wani lokaci matafiyi yakan yi kwanaki yana hangen gidaje, amma ba halin sauka.

Yadda tsibirin yake

Tsibirin babban dutse ne da ya fito daga cikin teku. Faɗinsa kamar kilomita 11. Tsayin dutsen mita 2,062. Irin dutsen nan ne mai aman wuta. Wato a ƙarƙashinsa akwai narkakken dutse mai zafi, wanda yakan fasa ƙasa ya fito.

Kusan ko'ina gangare ne mai tsini. Wuri ɗaya ne ke da shimfiɗaɗɗen fili mai ɗan yawa, wajen arewa maso yamma. Nan gari yake, nan gonaki suke, nan ake kiwo. Ruwan sama ya fi milimita 1,500 a shekara, saboda haka ba su san ƙishirwa ba. Damuwarsu iska ce. Ita ce ke kwantar da shuka, ita ce ke yaye rufin ɗaki, ita ce ke hana fita kamun kifi.

Asalin garin

Cikin shekara ta 1506 Tiristan da Kunya ya hango tsibirin. Teku ta hana shi sauka, amma sunansa ya zauna. Aka yi shekara 300 ba wanda ya kafa gida a wurin.

Cikin 1815 Ingila ta kama Nafoliyon, sarkin Faransa, ta tsare shi a Sant Helena. Ingilishi suka ji tsoro kada Faransawa su bi ta Tiristan su zo su kuɓutar da shi. Sai suka kai sojoji can cikin 1816. Bayan shekara ɗaya aka janye sojojin. Amma wani ƙaramin soja mai suna Wiliyam Gilas ya roƙi a bar shi. Ya zauna da matarsa, da ƴaƴansu 2, da abokansa 2.

Ran 7 ga watan Nuwamba 1817 mazan nan 3 suka rubuta yarjejeniya. Abin da ta ƙunsa shi ne: dukiyar da ke akwai ta kowa ce. Ribar da aka samu a raba ta daidai. Kowa ya yi nasa rabon aiki, sai fa in ba shi da lafiya. Kuma kada wani ya ɗauki kansa ya fi wani. Wannan ƴar takarda ita ce harsashin garin.

Sannu a hankali mutane suka ƙaru. Wasu jirginsu ne ya fashe a bakin tsibirin, aka cece su, suka zauna. Wasu masu farautar dabbobin teku ne. Cikin 1827 aka kawo mata 5 daga Sant Helena, aka yi aure. Akwai mutumin Holan, akwai na Amurka, akwai na Ingila. Cikin 1892 wani jirgin Italiya ya lalace, mutum 2 daga cikinsa suka zauna. Shi ya sa tsofaffin gidajen garin 7 ne: Gilas, Suwen, Girin, Rojas, Hagan, Rafeto da Labarelo. Kakanninsu sun fito daga Turai, da Amurka, da Afirka, amma yau duk dangi ne, kuma harshensu Ingilishi.

Cikin 1867 wani ɗan sarauniyar Ingila ya kawo ziyara. Sarautarsa ta birnin Edinbara ce, sai aka sa wa garin suna Edinbara ta Tekuna Bakwai. Su dai ƴan gari Mazauni kawai suke ce masa da harshensu.

Shekarun wahala

Da farko jiragen ruwa masu tafiya da iska suna yawan biyowa. Ƴan gari su ba su dankalin turawa, da nama, da ruwan sha. Su kuma su karɓi garin alkama, da tufafi, da sukari. Ba a amfani da kuɗi, musaya ake yi.

Cikin 1869 aka buɗe mashigin Suwez a Masar. Jiragen Turai masu zuwa gabas suka sami gajeriyar hanya. Jirage masu inji kuma suka maye gurbin masu iska. Tiristan ta zama kamar kasuwar da hanya ta kauce wa. Akan yi wata da watanni, har shekara, ba a ga jirgi ba.

Cikin 1882 wani jirgi ya fashe, ɓeraye suka fito daga cikinsa suka bazu a tsibirin. Suka addabi dankali. Cikin 1885 abinci ya yi ƙaranci. Da aka hango jirgi cikin watan Nuwamba, maza 15 suka shiga kwalekwale suka bi shi neman musaya. Ba a sake ganinsu ba. Manyan mazan da suka rage a garin 4 ne kawai. Mata da yara suka ɗauki noma da kiwo, har yaran suka girma. Daga baya gwamnatin Ingila ta yi musu tayin ƙaura zuwa Afirka ta Kudu. Suka ƙi.

Sauyi ya zo lokacin yaƙin duniya na biyu. Cikin 1942 sojojin ruwa suka kafa tashar waya da ta duba yanayi. Nan ne ƴan gari suka fara aikin albashi. Cikin 1949 aka fara kasuwancin wata dabbar ruwa mai ɓawo, dangin ƙaguwa, wadda Faransawa ke ce wa langus. Turawa suna sayenta da tsada.

Ranar da dutse ya yi aman wuta

Cikin watan Agusta 1961 ƙasa ta fara girgiza. Duwatsu suna gangarowa. Bango yana tsagewa, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ran 9 ga Oktoba ƙasa ta kumbura kusa da gidaje. Jama'a suka gudu gona, suka kwana can cikin sanyi. Ran 10 ga wata wuta ta fito. Jiragen kamun kifi suka kwashe mutane zuwa wani ƙaramin tsibiri na kusa. Daga nan wani jirgin Holan ya kai su Kef Tawun. Mutum 264 ne, kuma ba wanda ya rasa ransa.

Ran 3 ga Nuwamba suka isa Ingila. Aka ba su gidaje a wani wuri mai suna Kalshot. Aka ba su aiki. Ga lantarki, ga motoci, ga kantuna cike da kaya. Gwamnati ta ɗauka magana ta ƙare, ba za su koma ba.

Amma zaman bai yi musu daɗi ba. Jikinsu bai saba da mura da tarin ƙasar ba, har wasu tsofaffi suka mutu. Sun saba barin ƙofa a buɗe, nan kuwa sai da makulli. Sun saba kowa yana da gonarsa da saniyarsa, nan kuwa kome sai da kuɗi, kuma kowa yaron wani ne a wurin aiki.

Cikin 1962 masana suka je duba tsibirin. Suka tarar narkakken dutse ya binne masana'antar langus da wurin da kwalekwale ke sauka. Amma gidaje suna nan, ɗaya ne kawai ya ƙone. Da jin haka mutanen suka dage sai sun koma. A ƙarshen shekarar aka jefa ƙuri'a. Mutum 148 suka ce a koma gida. Mutum 5 suka ce a zauna.

Cikin 1963 suka koma. Ayarin ƙarshe, mutum 198, ya sauka cikin watan Nuwamba. Sun tarar karnuka sun kashe tumaki da yawa, gonaki sun cika da ciyawa. Suka fara daga farko. Shekarun farko sun yi tsanani, har wasu suka sake tafiya Ingila. Amma garin ya tsaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Su ba su yarda gida ya bar su ba.

Yadda suke zaune yau

Ƙasar tsibirin ta jama'a ce baki ɗaya. Ba a sayar da ita, kuma baƙo ba ya iya sayen fili. Kowane gida yana da gonakin dankali a wani wuri mai nisan kilomita 3 daga gari. Gonakin ƙanana ne. An kewaye kowace da katangar dutse saboda iska da dabbobi.

Makiyaya ba ta da yawa. Saboda haka majalisa ce ke yanke yawan shanu da tumakin da kowane gida zai riƙe. Mai kuɗi ba ya wuce adadin. Dalili biyu ne. Na farko, kada dabbobi su cinye ciyawa har ƙasa ta mutu. Na biyu, kada gida ɗaya ya tara dukiya ya danne sauran.

Ranar da teku ta kwanta, ana buga ƙarfe da asuba. Maza su bar abin da suke yi su fita kamun langus. Da maraice mata su taru a masana'anta su gyara abin da aka kamo. Langus ita ce babbar hanyar kuɗin tsibirin. Suna kuma sayar da tambur na wasiƙa ga masu tara shi a ƙasashen waje. Kamun ma yana da iyaka: akwai yawan da ba a wucewa a shekara, kuma ƙanana ana mayar da su ruwa. Cikin 2020 majalisar ta keɓe yawancin tekun da ke kewaye da su, ta hana kamun kifi a cikinsa.

Aikin gayya bai mutu ba. In mutum zai yi rufin gida, ko sausayar tumaki, dangi da maƙwabta sukan zo, shi kuma ya ciyar da su. Sau ɗaya a shekara akwai ranar farautar ɓera. Maza su rabu ƙungiya ƙungiya, a ba da kyauta ga waɗanda suka fi kamawa.

Tsibirin yana ƙarƙashin Ingila. Akwai wakilin gwamnati, akwai majalisar da jama'a ke zaɓa. Akwai makaranta ta yara har zuwa shekara 16. Akwai ƙaramin asibiti da likita. Akwai lantarki, da waya, da intanet.

Duk da haka nisa bai daina ciwo ba. In ciwo ya fi ƙarfin asibitin gari, sai a jira jirgi, sannan a yi kwana 6 a kan ruwa. Ciwon asma ya yi yawa a cikinsu, domin gado ne daga kakanni. Yaron da ke son ƙarin ilimi sai ya bar iyayensa ya tafi Kef Tawun ko Ingila. Wasu ba sa dawowa. Haihuwa ta ragu, tsofaffi sun yi yawa. Babbar tambayar da ke gabansu ita ce: wa zai riƙe gona da kwalekwale nan gaba?

Abin lura

Mutanen Tiristan ba su da faɗin ƙasa, ba su da maƙwabcin da za su kira in masifa ta zo. Abin da suke da shi doka ce da suka yi wa kansu, kuma kowa yana bin ta. Fili na kowa ne. Dabba tana da adadi. Kamun kifi yana da iyaka. Aiki mai nauyi ana taruwa a kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da wannan suka tsallake 1885, da wannan suka sake gina gari bayan 1963.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Me ya sa Ingila ta kai sojoji Tiristan cikin 1816?
3. Faɗi abu 3 da ke cikin yarjejeniyar 1817.
4. Me ya sa mutanen suka ƙi zama a Ingila?
5. Me ya sa majalisa ke yanke yawan shanun kowane gida? Ku tattauna: wannan doka adalci ce ko takura?

Lissafi

1. Jirgi ya yi kilomita 2,800 cikin kwana 7. Kilomita nawa yake yi kowace rana?
2. Mutum 148 sun ce a koma, mutum 5 sun ce a zauna. Mutum nawa suka jefa ƙuri'a?
3. Daga 1817 zuwa 1961 shekara nawa ke nan?

Rubutu

Kowa ya rubuta layi 5 a kan wata doka da mutanen garinsu suka yi wa kansu, ta rijiya, ko ta makiyaya, ko ta burtali.