Tabon da ba ya jin auduga

A tungayen masunta da ke bakin Neja, daga Shanga zuwa Yauri da Ngaski, hannu ne jari. Shi ke jan koma, shi ke ɗaura ƙugiya, shi ke juya kifi a wajen banda. Abin da ke tsaron wannan hannu kuwa jin zafi ne.

A cikin fata akwai bakunan jijiyoyi ƙanana, kowane rukuni da aikinsa: wasu na jin taɓi, wasu sanyi, wasu zafi. Idan yatsa ya taɓa garwashi, saƙo kan bi jijiya zuwa laka, ita kuma ta sa a fizge hannu tun ƙwaƙwalwa ba ta san abin da ake ciki ba. Raɗaɗin da ke zuwa daga baya, wasu siraran jijiyoyi masu tafiyar hawainiya ne ke kai shi. David Julius, wanda ya samu kyautar Nobel ta 2021 tare da Ardem Patapoutian, ya gano cewa ƙofa ɗaya ce a jikin jijiya ke buɗewa ga zafin wuta da yajin barkono.

Wannan hanya ta jin zafi ce kuturta take tsinkewa. Ƙwayar cutar, wadda Gerhard Hansen ya gano a Norway a 1873, ta fi son sassan jiki masu sanyi, sai ta lalata jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska. Mai wannan rubutu, ma'aikacin lafiya a yankin, ya sha ganin mai banda da ƙuna a yatsu ba ta san lokacin da ta ƙone ba, ko masunci ya wuni da ƙaya a tafin ƙafa yana hira abinsa. Jama'a kan ce cutar ce ke cin yatsu. Amma likita Paul Brand ya nuna a Vellore ta Indiya cewa raunin da ba a ji ba ne ke maimaituwa, ya zama gyambo, har ƙashi ya lalace.

Abin da ya fi damun marubucin shi ne yadda ake raina alamar farko: tabo mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba ciwo, a ce ƙyasfi ne. Gwajin kuwa ba wuya. Mutum zai rufe ido, a shafa masa zaren auduga a kan tabon da gefensa, ya nuna inda ya ji. Idan tabon bai ji ba, a garzaya asibiti.

Maganin kyauta ne, na wata 6 ko 12, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa cutar. Sai dai jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta farfaɗowa. Mai irin wannan hannu ko ƙafa ya riƙa duba su kowace yamma, ya jiƙa su a ruwa, ya shafa mai, ya sa takalmi ko da zai shiga kwalekwale, ya kuma riƙe tukunya da tsumma.